Ƙasar da Ya Bari a Cikin Waya

Ruwa ya ci garinmu da hantsin wata Talata, ya tafi da ɗana na fari. Shekararsa goma sha takwas. Ni ne na ce a ƙara kwana ɗaya kafin a tashi.

'Ya'ya biyu gare ni, shi da ƙanwarsa. Uwarsu ta rasu tun yarinyar tana rarrafe. Na sake aure sau ɗaya, bai zauna ba. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Kirikasamma, a bakin kogi. Da damina shinkafa, da rani alkama da tattasai, tsakani kuma kamun kifi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ruwa na sani, ko in ce haka na ɗauka.

A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya zama hira da shi, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Ubana har ya koma ga Allah bai kira sunan yayata ba, ni ma haka na tashi na yi. Sau ɗaya na faɗi sunan yaron, a kunnen liman, ranar suna. In ina nemansa sai in ce kai, in ina zancensa in ce yaron nan. Yawancin maganarmu ta bakin ƙanwarsa take bi. Ita sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Da ita nake hira, ita ke yi min tsiya, ita ke ce min tsohon kifi.

Ranar Litinin ruwa yana ta hawa, wasu sun fara kwashe kaya zuwa tudu. Muna da jinga, tudun ƙasa da buhunan yashi da muka tara da gayya a bakin kogi. Akwai kuma tsamiya a mashaya, kakana ya sare ta da gatari daidai inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa a zamaninsa. Tun da na yi wayo ruwa bai taɓa kai wa saran nan ba. Na je na duba, saura fiye da tafin hannu. Shinkafata kuma ta sunkuyar da kai, kwana uku ko huɗu a sa mata lauje.

Da na dawo gida yarinyar ta tare ni.

"Baba, Yaya ya ce in gaya maka a tashi yau."

"Ya tashi mana. Wa ya ɗaure shi?"

"Ya ce ba ta gaba ruwan zai zo ba. Ciyawar kacala ta toshe hanyarsa, ta bayan gari zai zagayo."

Yana tsaye a bakin zaure, yana jin komai. Ban dube shi ba.

"Gaya masa tsamiyar nan ta girme shi. Gobe in Allah ya kai mu, mu yanki abin da ya yanku mu tafi."

Ta taka ta je ta maimaita masa, ko da yake ya ji. Haka muka saba.

Da sassafe na tafi gona. Hantsi na ɗagawa ruwa ya shigo ta bayan gari, ta wajen fadama, inda babu jinga babu tsamiya. Ni wasu masunta suka tsince ni a gona suka fita da ni ta gabas. Yaron bai sani ba. Ya sa ƙanwarsa a kwale-kwalen maƙwabta, ya ƙulle wayarsa a leda ya rataya mata a wuya, ya ce bari ya je ya taho da Baba. Bayan kwana biyu aka same shi a cikin kacala.

Haɗeja aka kawo mu. Da farko ajin makaranta, mu da wasu gidaje shida, ana raba mu da zannuwa. Daga baya wani da nake kawo wa kifi ya ba mu ɗaki da rumfa a gidansa na bayan gari. A nan na lura yarinyar ta daina yi min magana. Ba gaba ba ce irin ta yara. Tana gaishe ni, tana dafa abinci, tana ajiye min buta. To, a'a, ga tuwo. Shi ke nan. Shekararta goma sha huɗu, amma zamanta ya koma na tsohuwa. In ta gama aiki sai ta koma gindin katanga da wayar yayanta, ta sunkuya a kai har batir ya mutu, ta kai caji, ta dawo ta zauna jira.

Yayata tana aure a Jahun. Ta zo ta'aziyya ta yi mako guda. Har yau Auta take ce min, da furfurata.

"Auta, ka ba ni yarinyar nan."

"Ita kaɗai ta rage min."

"Ta rage maka? Sau nawa ta kalli fuskarka yau? Kai ba baki, ita ba baki, gida kamar an yi gobara an kashe."

Ta nuna gindin katanga.

"Ga waya a hannun budurwa tun safe har yamma. Ka san da wa take magana? Ba ka sani ba. Kifi kaɗai ka iya karantawa, shi ma ga inda ya kai mu."

Ta faɗa, ta kuma rufe baki da mayafi, don ta san ta wuce gona da iri. Gaskiya ta faɗa. Da za ta tafi ta ce za ta dawo ranar sadakar arba'in, in yarinyar ta ce za ta bi ta, kada in hana. Na ce to.

Maganar wayar ce ta tsaya min a rai. Wata rana da yarinyar ta kai ta caji ta tafi ɗebo ruwa, sai na bi bayanta zuwa rumfar. Mai cajin Bafulatani ne, magidanci, shanunsu sun ƙare tun zamanin ubansa. Da ya ji kakata Babarbariya ce bai sake raga min ba.

"A'a, bawana ne da kansa? Yau me za a saka maka a caji, gora ko ƙugiya?"

"Wayar 'yata za ka ba ni, ɗan agwai. Ka duba min da wa take magana."

Ya ciro ta daga cikin wayoyi, ya juya ta, ya yi dariya.

"Da aljanu, in dai tana yi. Wayar nan ko layi babu a ciki. Gem take bugawa."

"Mene ne gem?"

"Wasa. Zauna, Babarbare, yau ubangidanka zai sa ka a makaranta."

Ya jawo min benci. Ya ce samarin unguwar da yawa suna yin irinsa, har faɗa suke yi a kai a rumfarsa. Ana ba ka mutane 'yan kaɗan da kaya a ka, a tsakiyar daji, ko'ina duhu. Kai za ka zaɓi inda za su sauka su kafa gari. Daga nan su yi noma, su koyi ginin tukunya, su koyi ƙira, su koyi rubutu, garin ya haifi wani gari, har a zama ƙasa. A hankali a zo zamanin bindiga, zamanin jirgin ƙasa, har na jirgin sama. Akwai wasu sarakuna a kewaye, su ma suna gina tasu. Wani ya aiko maka da zumunci, wani ya aiko da yaƙi.

"Kamar dara ne," in ji shi. "Ka yi naka, su yi nasu. In kai ke da yi, duk duniyar nan tsayawa take tana jiranka. Ko shekara za ka yi ba ka taɓa ba, ko tsuntsu ba zai motsa ba."

Ya ce ƙasa biyu ke ajiye a wayar. Ɗaya sabuwa ce, 'yar ƙarama, ita yarinyar ke ginawa. Ɗayar tsohuwa ce, ta yayanta. Ya buɗe tsohuwar ya miƙo min.

Ban taɓa ganin ƙasa daga sama ba sai ranar. Ga kogi ya tanƙwara kamar igiya, ga gonaki, ga duwatsu, ga garuruwa bakwai da shuɗiyar tuta, hanyoyi sun haɗa su. Mai caji ya bi su da yatsa yana karanta min. Na farko, babban, sunan garinmu ne, an kewaye shi da ganuwa. Na biyu sunan uwarsu. Akwai na ƙanwarsa, akwai na wani abokinsa. Da ya zo kan wani ƙarami a can gefe, a bakin ruwa, da 'yan jiragen masunta a gabansa, sai ya karanta ya ɗago kai.

"Wannan ai sunanka ne."

Sunana ne na yanka, wanda yaron bai taɓa faɗa a gabana ba.

"Shi ke ciyar da sauran," in ji mai caji, ya daina wasa. "Duba, kifin duk daga nan yake fita. Amma ga jajayen tuta nan sun matso masa."

Wani ya zo karɓar waya, ya tashi ya bar ni da ita a hannu. Na daɗe ina kallo. Idona ya fara yi min abin da ba na so a gaban mutane, na ce bari in rufe ta. A ƙasa daga dama akwai wani abu zagayayye yana ƙyaftawa. Na ɗauka nan ake rufewa. Na danna.

Wayar ta yi ƙara kamar an buga ganga. Abubuwa suka fara tafiya da kansu. Jajayen suka matso, hayaƙi ya tashi a wata gona.

Mai caji ya juyo da sauri. "Me ka taɓa?"

"Rufewa na yi."

Ya karɓa ya duba, ya shiga nan ya fita can. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Ka gama yinka ke nan, su ma sun yi nasu. Ana iya komawa baya a wasu, amma mai wannan ya zaɓi irin wanda ba a komawa. Abin da ya wuce ya wuce."

Na ce ya mayar da ita cikin wayoyi kada ya faɗa. Ya ce ba sai ya faɗa ba.

Da la'asar ta karɓo ta. Ina zaune a rumfa ina gyaran wata komar kamun kifi da ba tawa ba. Na ga ta zauna, na ga ta buɗe, na ga ta miƙe tsaye. Ta zo gabana. Rabon da ta tsaya kusa da ni haka tun muna gida.

"Wa ya taɓa?"

"Ni ne."

"Me ya sa?"

"Ban sani ba. Na ɗauka..."

"Yaya ke da yi, Baba." Muryarta ba ta tashi ba. "Daren Litinin ya ajiye ta, ya ɗora hannu a kan sojansa bai matsar da shi ba, ya ce sai gobe. Kullum sai na buɗe na duba. Ban taɓa dannawa ba. Ban san inda yake son ya kai shi ba. Suna nan suna jiransa, kai ka zo ka ce musu ya gama."

Ta shiga ɗaki. Ranar ba a ɗora tukunya ba, ban kuma tambaya ba.

Kwana huɗu ko gaisuwar ba ta yi min. Na lissafa, saura kwana goma sha biyu arba'in. Na san in yayata ta zo yarinyar za ta ɗauki ɗan ƙullinta ta bi ta, ba ni kuma da bakin hanawa. Na koma wurin mai caji na tambaye shi ko akwai wani a Kano da zai iya mayar da abin yadda yake. Ya ce ko wanda ya ƙera wasan sai dai ya ba ni haƙuri. Bai ce min bawansa ba ranar. Na fi son da ya ce.

A rana ta biyar, bayan la'asar, ta zo ta ajiye wayar a kan tabarmata.

"Tunda ka fara, ka ƙarasa. Kai ke da yi."

Na san ba sulhu ta kawo ba. So take in ga abin da na jawo, in ga garin ya faɗi a hannuna. Na ce ban iya karatu ba. Ta ce za ta karanta. Ta zauna a bakin tabarma, nesa da ni, tana faɗa min da murya irin ta mai karanta wa wani wasiƙar da ba tasa ba.

Jajayen suna gaban garin da ke da sunana. Soja ɗaya ke ciki. Yaron ya fara gina masa ganuwa, saura yi biyu ta ƙare. Ko a jira ganuwar, ko a fasa ta a haɗa ayarin ƙaura, a kwashi mutanen da za a iya kwasa a fita da su, garin kuma ya zama na wanda ya zo.

"In ganuwar ta ƙare, za ta riƙe?"

"Wataƙila."

"Sauran garuruwan fa, ba su da sojoji?"

"Suna da su. Suna da nisa."

Raina ya fi son ganuwar. Aikinsa ne, saura kaɗan. Har na buɗe baki, sai na ce ta ja hoton baya in ga kogin duka. Ta sa yatsu biyu ta matse, ƙasar ta yi nisa. Na bi ruwan da ido daga inda ya fito. A bayan garin kogin ya rabu biyu, ƙaramin reshe ya zagaya ta cikin wani kurmi. A bakin kurmin, inda duhu ya fara, akwai wani ɗan abu ja.

"Wancan mene ne?"

Ta matso da shi.

"Jirgi ne. Ban gan shi ba."

"Ba shi kaɗai ba ne. Ba a shiga irin wannan reshen da jirgi ɗaya. Ganuwar tana kallon gaba, su ta baya za su zo. A tashi."

Ba ta danna ba. Ta ajiye wayar a cinyarta. A karo na farko tun ranar Talatar nan ta dube ni a ido.

"To me ya sa ranar ba ka ce haka ba?"

Na daɗe ina jiran tambayar, amma ban tanadi amsa mai kyau ba, don babu.

"Shinkafa," na ce. "Da saran tsamiya. Da kuma shi ne ya faɗa. Da wani dattijo ne ya faɗa min, da na ji. Na ji nauyin a ce yaron nan ya fi ni sanin ruwa."

"Ni na kai masa saƙon."

"Na sani."

"Na ce masa Baba ya ce tsamiya ta girme ka. Har da dariya na faɗa."

"Maganata ce, ba taki ba. Ɗauka kawai kika yi."

"Da kai ka faɗa masa da bakinka, da ya yi maka musu. Ni ba zai yi musu da ni ba, ya san aike ne."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Gaskiya ne kuma. Shekara goma sha takwas na sa yarinya a tsakanina da shi, ranar da ya kamata mu yi faɗa ba mu da hanyar yi.

Ta yi kuka, ban taɓa ta ba, ban iya ba. Da ta gama ta share fuska da gefen hijabi, ta fasa ganuwar, ta haɗa ayarin. Ta miƙo min ta nuna zagayayyen abin. Na danna, wannan karon da sani.

Muka sa wa kanmu ƙa'ida ba tare da mun faɗa ba: yi ɗaya a rana, bayan la'asar. A yi na uku jirage huɗu suka fito daga kurmin. Garin ya faɗi. Tutarsa ta koma ja, sunana yana nan a kansa, a hannun wasu. Sojan da yaron ya ɗora wa hannu ya mutu a ƙofa. Har yau ba mu san inda ya so ya kai shi ba. Ayarin kuwa ya riga ya fita, 'yan mutane uku da kaya a ka da jaki, suna taku biyu a rana.

Sauran garuruwan suka shiga yunwa da kifin ya yanke. Ta karanta min cewa mutanen babban gari suna fushi. Na ce suna da gaskiya. Ta ce wani sarki daga arewa ya aiko yana son a ba shi ƙarfe ya taimaka mana. Na ce yaya fuskarsa, ta nuna min. Na ce wannan dillali ne, a ba shi rabi. Ta ce ba a yin ciniki haka. Na ce to wasan bai san kasuwa ba. Bakinta ya motsa kaɗan, ta gyara shi.

Kullum sai mun yi gardama a kan inda ayarin zai sauka. Ita tana son kan dutse, can nesa da kowane ruwa. Na ce mutanen nan masunta ne, a kan dutse me za su ci? Ta ce gara yunwa. Na ce ba ta san yunwa ba. Ta ce ta san ruwa. Muka bar su suna tafiya.

Ranar arba'in aka yi addu'a da safe, aka raba waina. Yayata ta zo tun jajibiri. Bayan azahar ta kira yarinyar gabana.

"To, 'yar nan, ga ubanki ga ni. Ɗakinki na can na share. Makaranta na bayan gidanmu. Me kika ce?"

Na sa ido a kan tabarma.

"Gwaggo, sai na ga inda za su sauka."

"Su wa?"

"Mutanen Yaya."

Yayata ta dube ni. "Auta, waɗanne mutane kuma? Baƙi za ku yi?"

"Suna hanya," na ce.

"Daga ina?"

"Daga garina. An ci shi da yaƙi."

Ta riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu. Da mutum ɗaya na bari ba lafiya, yanzu sun zama biyu."

Ta kwana biyu tana kallonmu muna sunkuye a kan waya bayan la'asar, tana tsaki. Da za ta hau mota ta ce min ba ta janye maganarta ba, ɗakin yana nan. Na ce na ji.

Bayan tafiyarta da kwana uku ayarin ya iso wani tudu. Kogi yana ƙasa, taku biyu, ana ganinsa amma ba ya kaiwa nan. Na duba bayansa, na sa ta ja hoton na duba duk inda ruwa zai iya zagayowa. Na ce nan. Ba ta yi musu ba. Ta danna, mutanen suka sauke kaya, 'yan bukkoki suka fito. Sai wani fili ya buɗe a fuskar wayar, da haruffa a ƙasa.

"Suna ake tambaya," in ji ta.

"Sa wanda kike so."

"Kai ke da yi."

"Sa nasa."

"Wa?"

"Kin sani."

"Ban sani ba. Yaron nan zan rubuta? Ko kai?"

Ta riƙe wayar tana jira. Na san za ta iya jira har magariba, har gobe. Na ga wasan da kansa ya koya mata haka.

Na duba ƙofar gida, babu kowa. Abin kunya ne a wurinmu, ubana zai juya min baya da ya ji. Na faɗa. Bai fito daidai ba, kamar sunan baƙo, sai da na sake. Ta rubuta harafi ɗaya ɗaya, ta juyo min da shi in gani, ko da yake ta san ba na karantawa. Na kalle shi har na riƙe siffarsa. Shi ne kaɗai rubutun boko da nake ganewa yanzu.

Da ruwa ya janye mutanen garinmu suka fara komawa, don kada noman rani ya wuce su. Suka aiko min. Na je sau ɗaya ni kaɗai. Gidana ya zama tudun laka, tsamiyar tana nan, ruwan ko saran bai taɓa ba. Na tsaya a kabarinsa. Da na dawo na gaya wa yarinyar ana gini. Ta ce in zan koma, in fara kai ta Jahun. Ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban roƙe ta ba. Na ba ɗan ƙanin ubana aron gonar.

Ba ta koma yadda take ba. Ba ta sake ce min tsohon kifi ba. Akwai ranakun da ba ta fito da wayar, ni kuma ba na tambaya. Ba ta taɓa cewa ta yafe min ba. Ƙasar ma ba ta gyaru ba, jajayen sun ƙara cin gari ɗaya, sauran sarakunan sun shiga zamanin jirgin sama mu muna fama da bindigar toka. Batir ɗin wayar ya fara kumbura, mai caji ya ce in ta mutu ba ya ɗaukar alkawarin abin da ke ciki. Yayata kuma duk wanda zai zo daga Jahun sai ta ba shi saƙo.

Yanzu ina Haɗeja, a ɗakin aro a bayan gari. Ina yi wa wasu bandar kifin da ba ni na kama ba. Yarinyar tana zuwa makaranta, tana dawowa nan. Sabon garin yana kan tudunsa, mutum huɗu ne a ciki, jiya muka fara yi masa rumbu.